Wanda Bai Biya Ba, Ba Ya Cikin Lissafi: Masu Situdiyo Da Batun Linux

Shekara goma sha huɗu ke nan ina sana'ar haɗa kiɗa da tace murya a wani ɗan ɗaki da ke bayan titin Zoo Road a Kano. An lulluɓe bangon ɗakin da soso. Akwai makirfo ɗaya mai kyau da na yi adashi na saya, da fiyano ƙirar Yamaha, da lasifika biyu, da kwamfuta. A nan na ɗauki muryoyin sha'irai masu bege, da mawaƙan biki, da 'yan nanaye, da matasan da ke zuwa da kuɗin da suka tara daga tuƙin adaidaita sahu don su ji muryarsu a kan kiɗa. A cikin kayan aikin nan duka, wanda ya fi ba ni abinci shi ne wanda na daɗe ban biya kuɗinsa ba, wato manhajar da ke cikin kwamfutar. Duk wanda ya san harkar nan ya san ba ni kaɗai ba ne. Kirak muke kiranta: manhajar da wani ya fasa mukullinta, yaro ya cika maka filash da ita a kasuwa a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba.

Wata shekara, ana saura mako uku Mauludi, wani sha'iri ya zo daga Gumel da 'yan amshinsa shida. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna aiki, mafi yawa da janareta, har muka kammala ɗaukar waƙa takwas. Saura tacewa kawai. A daren ƙarshe na saka wani ɗan ƙarin manhaja da aka fasa, irin wanda muke kira fulogin, don in ƙara wa muryar amo. Washegari na kunna kwamfuta, babu fayil ɗaya da ya buɗe. Ƙwayar cuta ta biyo kayan satar ta kulle komai. Da malamin ya iso ya ga fuskata sai ya ce, "Injiniya, lafiya?" Na ce, "Malam, sai dai haƙuri, aikinmu ya tafi." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Na mayar masa da kuɗinsa, muka sake aikin kyauta, amma kafin mu gama Mauludi ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da inda zan kai ƙara. Wanda ya shiga gida ta kan katanga ba ya kiran mai gida ya gyara masa fitila.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a shi ne ya ɗauko wata tsohuwar kwamfutata da na jingine. Ya ce, "Kawu, bari in saka maka wani abu a nan, idan bai yi maka ba ka goge." Abin da ya saka shi ne Ubuntu Studio, wani nau'i na Linux da aka shirya musamman don masu aikin sauti da hoto. Tun daga ranar nake bin wannan batu, kuma a kansa nake son in yi magana da abokan sana'ata.

Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji suke zama a kanta kamar yadda ɗakuna ke zama a kan harsashin gini. Windows ta kamfanin Microsoft ce, macOS ta Apple ce. Linux kuwa wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta ga jama'a bisa sharaɗin kowa zai iya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wannan tsari shi ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Ba ƙaramin abu ba ne: wayar Android da ke hannunka a kan Linux take, kuma tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Amma idan ka shiga situdiyo, a Kano ko Legas ko Landan, da wuya ka gan ta. Dalili shi ne manyan manhajojin da aka saba da su ba su zo kanta ba. FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda ita ce uwar ɗakin mafi yawan matasanmu, ba ta da nau'in Linux. Cubase ta Steinberg da ke Hambug, wadda tsofaffin hannu suka fi so wajen ɗaukar murya, ba ta da shi. Haka Pro Tools, haka Ableton Live. Shekara da shekaru masu amfani da Linux suna roƙon kamfanonin nan su zo, har yau shiru.

Na ji mutane da yawa suna zagin kamfanonin a kan haka. Ni ban ga laifinsu ba sosai, domin ɗan kasuwa da lissafi yake tafiya. Masu amfani da Linux a kwamfutar tebur da ta cinya kimanin huɗu ne cikin ɗari a duniya, kuma ba dukkansu ne makaɗa ba. Sannan Linux ba iri ɗaya ba ce, akwai Ubuntu, akwai Fedora, akwai Debian, akwai Arch, kowace da ɗan bambancinta, kuma kamfanin da ya sayar maka da kaya dole ya ɗauki ma'aikatan da za su amsa kokenka. Ga kuma batun mukulli: fulogin masu tsada da yawa sun dogara da tsarin tsaro irin na iLok, wanda ba ya aiki a kan Linux. Saboda haka kamfani ya ce sai mutane sun taru zai zo, mutane suka ce sai ya zo za su taru. Kowa na jiran kowa.

To amma ba kowa ne ya tsaya jira ba, kuma wannan shi ne abin da abokan aikina ba su sani ba. Paul Davis, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na kamfanin Amazon, ya bar can ya duƙufa wajen rubuta Ardour, manhajar ɗaukar sauti da tacewa wadda take a buɗe ga kowa. Da ita nake ɗaukar murya yanzu. Kada wani ya ɗauka wasan yara ce. Kamfanin Harrison na Nashbil a Amurka, wanda a kan teburin tace sautinsa aka haɗa faifan Thriller na Michael Jackson, a kan Ardour ya gina manhajarsa mai suna Mixbus, kuma tana aiki a Linux. Wasu injiniyoyi da suka taɓa aiki a Ableton sun kafa Bitwig a Balin, suka fitar da manhajarsu a 2014, kuma tun ranar farko da nau'in Linux ta fito. Reaper ta Justin Frankel, mutumin da ya ƙirƙiro Winamp da muka sha jin waƙa da ita a shagunan turi, ta fara fitar da nau'in Linux a 2018. A 2023 PreSonus ta saki Studio One ta gwaji a kan Linux. Steinberg ɗin kanta, duk da ba ta kawo Cubase ba, ta buɗe wa masu rubuta fulogin hanyar yin fulogin a tsarinta na VST3 a Linux tun 2017. A 2022 kuma Bitwig da kamfanin u-he suka fito da CLAP, wani tsarin fulogin da ba mallakar kowa ba ne.

Shi ma harsashin ginin, wato Linux ɗin kanta, ya gyaru. Babban abin da mai ɗaukar murya yake tsoro shi ne jinkirin sauti: mawaƙi ya furta kalma, ta dawo kunnensa a makare, ya rasa inda kiɗa yake. A da sai mutum ya sha wahala kafin ya saita Linux ta daina haka. Yanzu akwai PipeWire, wadda Fedora ta fara sanyawa a matsayin tsarin sautinta a 2021, sauran suka biyo baya. A 2024 kuma aka shigar da gyaran da ke bai wa aikin gaggawa irin na sauti fifiko cikin zuciyar Linux ɗin kanta, bayan kusan shekara ashirin ana aikinsa. Katin sautina na USB, da na jona shi sai kawai ya kama aiki, ban saka masa wata ƙarin manhaja ba.

Akwai wani abin da ya kamata ya sa mu tunani. Manyan fiyanon Korg Kronos da ake hawa dandali da su, Linux ce a cikinsu. Na'urorin kiɗa na Akai MPC masu aiki ba tare da kwamfuta ba, Linux ce. Push 3 da Ableton ta fitar a 2023, nau'in da ke tsayawa da kansa, shi ma a kan Linux yake. Ke nan kamfanonin sun san Linux tana iya ɗaukar nauyin kiɗa, har sun amince mata a kayan da suke sayarwa da tsada. Abin da ba su gani ba shi ne masu saye.

A nan ne maganata take. Buƙatar da ba a biya kuɗi a kanta ba, ba a jin ta. Mu a Arewa muna da situdiyo bila adadin, daga Kano zuwa Kaduna, Jos, Gusau, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram. Kullum ana fitar da waƙoƙi. Amma a littafin kamfanonin da muke aiki da kayansu, kusan babu mu. Ba su san muna nan ba, domin ba mu saya ba. Idan an yi taron yanke shawarar me za a ƙara a manhaja, ko wace babbar manhaja za a tallafa wa, ba a kawo sunan ƙasarmu, kuma ba za a kawo ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu ba mu ba da lada ba, don haka babu wanda askinmu ya hau kansa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma na sha ba da ita: da wane kuɗi? Gaskiya ne. Cikakkiyar Cubase ta haura dala 500. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Lissafa ka gani: sama da naira dubu 750 a kan manhaja ɗaya, ban da fulogin, ga mutumin da ke haɗa waƙa a kan kuɗin da rabinsa man janareta ke cinyewa. Har akwai lokacin da bankuna suka taƙaita abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, ko kana da niyyar biya babu hanya. Ban raina wannan uzuri ba. Amma shi ne ma ya sa nake ganin Linux ta fi dacewa da mu fiye da kowa. Ita kanta kyauta ce, kuma kyautar halal, babu mukullin da za ka fasa. Ardour kana iya karɓar ta a shirye da abin da ka ga za ka iya bayarwa, ko da dala ɗaya ce. Lasisin Reaper ga ƙaramin mai sana'a dala 60 ne, kuma za ka gwada ta kwana 60 kafin ka biya. LMMS, wadda tsarinta ya yi kama da na FL Studio, kyauta ce. Audacity kyauta ce. Surge XT da Vital, masu samar da sautuka iri-iri, akwai su ba tare da ko sisi ba. Karo na farko a rayuwar sana'ata, komai da ke cikin kwamfutata na san daga inda ya fito, kuma ina da bakin tambaya idan ya lalace.

Ba zan ɓoye wahalar ba, domin wanda ya ɓoye ta ya cuci mai karatu. Wata uku na farko hannuna ya yi nauyi, aikin awa biyu yakan ɗauke ni wuni. Mawaƙi yakan zo da aikin da aka fara a wani situdiyo da FL Studio, in kasa buɗe shi, sai na roƙi a turo mini kowane layi daban a matsayin fayil ɗin sauti. Sautin Auto-Tune na kamfanin Antares, wanda ya fito a 1997 kuma ya zama tamkar gishirin waƙoƙin fina-finanmu, ba ya nan kai tsaye. ReaTune da ke cikin Reaper tana daidaita murya, amma kunnen da ya saba yakan ji bambanci, kuma akwai mawaƙan da suka tafi wani wuri saboda haka. Kontakt ta Native Instruments, wadda manyan rumbunan sautin kayan kiɗa suke zaune a kanta, ita ma ba ta zo ba. Akwai gadar da ake kira Wine da yabridge da ke sa wasu fulogin na Windows su yi aiki, wani lokaci lafiya lau, wani lokaci sabuntawa ɗaya ta rushe komai. Saboda haka ba na ce wa kowa ya goge kwamfutar da yake cin abinci da ita yau da dare. Ina cewa ne a fara da tsohuwar da ke jingine.

Lokaci ma ya matso mu. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuma tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamancinsa. Kwamfutocin gwanjo da suka cika situdiyoyinmu, da yawansu ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali ƙarfinsu bai ƙare ba. Ko dai a ci gaba da aiki da su babu kariya, ko a sayi sababbi, ko a saka musu Linux su ƙara shekaru. Tarihi ma ya nuna abin da ke faruwa ga wanda ya jingina sana'arsa da bangon wani. A 2002 Apple ta sayi kamfanin Emagic mai manhajar Logic, ta dakatar da nau'in Windows, masu amfani da shi suka wayi gari da zaɓi biyu: su sayi Mac ko su koyi wata manhaja. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda yake ganin jama'a ba za su iya juya akalar kamfanoni ba, ya dubi maƙwabtanmu a wasu sana'o'i. An daɗe ana cewa wasannin kwamfuta ba za su taɓa yiwuwa a Linux ba, sai kamfanin Valve ya fitar da Proton a 2018 da na'urar Steam Deck a 2022, yanzu dubban wasanni suna aiki a kan Linux. Blender, manhajar zanen hoto mai motsi, kamfanin da ya mallake ta ya durƙushe, masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara yuro dubu 100 a 2002 suka 'yanta ta ta zama ta kowa. A 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar. Masu tace bidiyo a Kannywood da ke aiki da DaVinci Resolve su ma su sani tana da nau'in Linux. A kowane ɗayan waɗannan, abin da ya kawo sauyi shi ne mutanen da suka sa kuɗinsu da lokacinsu.

Akwai kuma buƙatar da babu kamfanin Turai da zai biya mana, ko da mun saya. Tun zamanin da fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, muke neman sautin da ya yi kama da namu a cikin na wasu. Mu ɗauki sarewar da aka yi don kiɗan wata ƙasa mu ce algaita ce. Mu ɗauki gangar wani yanki mu lanƙwasa ta mu ce kalangu ne. Amma kalangu magana yake yi, sautinsa yana hawa yana sauka da matsin hammatar makaɗi. Wa zai ɗauko mana kotson da aka yi wa Narambaɗa kiɗa da shi, ko kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, ko kiɗan ƙwarya irin na Barmani Coge, ko goge, kukuma, gurmi, garaya, shantu, bandiri? Makaɗan da suka iya su suna tsufa. Akwai buɗaɗɗen tsarin ajiye sautin kayan kiɗa mai suna SFZ, wanda ba ya buƙatar izinin kowa, kuma yana aiki a Linux da Windows da Mac. Na fara gwadawa da wani dattijo mai kalangu da ke zuwa mana lokacin biki. Na biya shi kuɗin wuni, muka ɗauki kowane bugu daban-daban, mai ƙarfi da mai taushi, a matse da a sake. Da na danna fiyano ya ji kalangunsa ya fito, sai ya ce, "Yaro, wannan zai rayu bayana ke nan?" Na ce, "In sha Allahu, Baba." Haka nan buɗaɗɗun manhajoji suna karɓar fassara daga duk wanda ya iya. Babu abin da ya hana a mayar da Audacity ko Ardour zuwa Hausa, don yaron da bai yi boko mai zurfi ba ya koyi sana'a da harshen da yake mafarki da shi.

Don haka ina kira ga abokan sana'ata. Duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta ya saka mata Linux ya fara koyo a ranakun da babu aiki. Wanda ya samu amfanin Ardour ko Reaper ko Bitwig ya biya, ko kaɗan ne, domin sunan Najeriya da Nijar ya bayyana a littafin waɗanda suka zo mana. Wanda ya riga ya sayi lasisin FL Studio ko Cubase da guminsa, shi ne yake da bakin rubuta wa kamfanin cikin ladabi cewa yana son nau'in Linux, kuma ya rubuta. Ƙungiyoyinmu na mawaƙa da masu shirya fim su ware wani abu daga kuɗin taro don a ɗauki sautin kayan kiɗanmu na gargajiya, a biya makaɗan haƙƙinsu, a rubuta yarjejeniya da su, a ajiye sautin inda kowa zai samu. Sassan Hausa da na kwamfuta a jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su haɗa ɗalibansu a kan aikin fassara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ne muke kuka kullum cewa masu turi suna sace mana waƙoƙi suna sayarwa ba tare da sun ba mu ko kwabo ba. Kukanmu gaskiya ne. Amma ba zai yi ƙarfi ba matuƙar waƙar da aka sace mana da kayan sata muka haɗa ta. Hanyar halal ta samu, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Mu bi ta, mu biya waɗanda suka share mana ita, sannan mu nemi haƙƙinmu da baki mai tsabta.